Amsoshin Tambayoyinku: Tafiya a Lokacin Annoba

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙun da muka ware na wannan mako duk a kan abu ɗaya suka zo, wato yadda matafiyi zai yi da dokokin da hukumomi kan kafa idan annoba ta ɓarke. Wasu sun rubuto da tabon abin da suka gani a zamanin korona, wasu kuma da fargabar abin da ka iya zuwa nan gaba.

Wasiƙa ta farko daga wani bawan Allah ce, ɗan kasuwa. Ya ce an taɓa mayar da shi gida daga filin jirgi da jakarsa a hannu, alhali yana da biza da tikiti da takardar gwaji. Aka ce masa takardar ta wuce lokaci. Yana tambaya, ta yaya mutum zai kauce wa irin wannan asara?

Alhaji, Allah ya mayar maka da alheri. Abin da ya kayar da kai ya kayar da mutane da dama, kuma lissafi ne kawai. Ƙasashe da yawa a lokacin korona sun ce gwajin PCR, wato gwajin gano ƙwayar cutar da ake yi a ɗakin bincike, kada ya wuce sa'o'i 72. To amma daga ina ake fara ƙirgen? Galibi daga lokacin da aka zura maka audugar nan a hanci ake farawa, lokacin da sakamako ya fito ba ya cikin lissafi. A ce an ɗebi samfurinka ranar Litinin da ƙarfe tara na safe, sakamako ya zo maka Talata da yamma, jirginka kuma zai tashi Alhamis da sha biyun rana. Kai kana ganin takardarka kwana biyu kacal ta yi, ma'aikaci kuwa ya duba ya ga ta ƙare tun ƙarfe tara na safiyar Alhamis ɗin. Sa'o'i uku sun raba ka da jirgi. Sannan wata ƙasar tana ƙirgawa zuwa lokacin tashi, wata zuwa lokacin sauka, ƙasar da za ka yada zango kuma tana iya zuwa da nata sharaɗin daban.

Kada ka riƙe ma'aikacin nan a zuciya. Yana duba wani kundin bayanai ne da ake kira Timatic, na ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA. Idan ya bar ka ka hau aka ƙi karɓarka a can, kamfaninsa ne zai dawo da kai, sau da yawa har da tara. Don haka ka karanta shafin gwamnatin ƙasar da za ka je, ko ka tuntuɓi ofishin jakadancinta, kafin ka yanki tikiti, ka kuma sake dubawa daren da za ka tashi, don doka kan canja cikin yini guda. Ka tabbata sunanka a takardar gwaji ya yi daidai da na fasfo, harafi da harafi. Ka buga komai a takarda, kada ka dogara da waya kaɗai, caji kan ƙare a daidai inda bai kamata ba. Ka kuma yanki tikitin da ake iya ɗaga ranarsa. Idan kamfani ne ya soke tashi kana da haƙƙin neman kuɗinka, a dokar Tarayyar Turai ma cikin kwana 7 za a biya ka. Amma idan takardunka ne ba su cika ba, yawanci asarar taka ce.

Ta biyu, wata baiwar Allah ce ke cewa: "Ina lafiya ƙalau, gwajina ya nuna ba na ɗauke da komai, to me ya sa za a kulle ni a ɗaki kwana 14? Ba wulaƙanci ba ne wannan?"

Hajiya, na fahimci zafin, kuma tambayarki tana kan hanya. Dalilin shi ne ƙwayar cuta ba ta bayyana a ranar da ta shiga jiki. Tana kwanciya tukuna ta hayayyafa. A korona wannan kwanciya kan ɗauki kwana 2 zuwa 14, shi ya sa aka tsayar da 14 tun farko. A Ebola kwana 21 ne, saboda nata kwanciyar ta fi tsawo. Gwajin da kika yi labarin ranar da aka yi shi kaɗai yake bayarwa. Idan a ɗakin jira ko a layin shiga jirgi kika kwasa, takardarki ba ta san da wannan ba. Abin da ya sa korona ta gagari duniya kuma, mutum kan fara yaɗa ta kwana ɗaya ko biyu kafin shi kansa ya ji komai a jikinsa. Daga baya da masana suka ƙara fahimtar cutar, ƙasashe suka rage kwanakin zuwa 10, wasu 7, wasu 5.

Killacewa ba sabon abu ba ne. Tun a shekarar 1377 birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik a ƙasar Kuroshiya, ya wajabta wa masu zuwa daga wuraren annoba zaman kwana 30 kafin su shiga gari, daga baya birnin Venis, da ke Italiya a yau, ya shahara da kwana 40. Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na tsibiran Samowa da ke tekun Pasifik a 1918, lokacin murar da ta kashe miliyoyin mutane. A watan Nuwamba wani jirgin ruwa mai suna Talune ya taso daga Niyu Zilan ya sauka a Apia, babban birnin Samowa ta Yamma, ɗauke da marasa lafiya, aka bar su suka shiga gari. Cikin 'yan makonni wajen kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Samowa ta Yamma suka rasu. Maƙwabtansu na Samowar Amurka, da suka rufe gaɓarsu suka killace masu shigowa, ko mutum ɗaya ba su rasa ba.

Yadda za ki jure kwanakin kuwa, ki shiga da shiri. Idan kina shan maganin hawan jini ko ciwon suga, ki tafi da wanda zai wuce kwanakin, da takardar likita. Idan kina da juna biyu ki faɗa tun a ƙofa. Waɗanda suka yi irin wannan zama kan ce tsakiyarsa ta fi ciwo, lokacin da ɗokin isowa ya wuce, ranar fita kuma ba ta matso ba: a ƙwanƙwasa ƙofa, a ajiye tire a ƙasa, kafin ki buɗe mai kawowa ya juya, ki wuni ba ki ga fuskar kowa ba. Maganinsa ki yanka wa yininki lokuta. Ki tashi da wuri, ki yi wanka ki sa tufafi kamar mai fita, ki buɗe taga, ki yi ta zagaya ɗakin don jini ya motsa, ki sa lokacin ibada da na karatu, ki kuma tsayar da sa'ar da za ki riƙa kiran 'yan uwa kullum. Idan damuwa ta hana ki barci ko cin abinci, ki gaya wa jami'an lafiyar da ke kula da ku, yana cikin aikinsu.

Wasiƙa ta uku ita ta fi taɓa ni. Wani matashi ne ya ba da labarin cewa ya yi korona ya warke, amma mako biyar ke nan duk gwajin da ya yi sai ya nuna yana da ita, mahaifinsa kuma yana kwance a wata ƙasa. Wani ya yi masa tayin takardar jabu, yana cewa ai komai ƙaddara ce. Ya ƙi karɓa, amma har yau yana tambayar kansa ko ya yi daidai.

Ɗan'uwa, ka yi daidai, Allah ya saka maka. Gwajin PCR ɓurɓushin ƙwayar cutar yake ganowa, ko da ta mutu, kuma yana iya ci gaba da ganinsa har kusan wata uku bayan warkewa. Shi ya sa ƙasashe da dama suka amince da takardar shaidar warkewa daga likita a madadin sabon gwaji. Takardar korona ta Tarayyar Turai, da ta fara aiki ranar 1 ga Yulin 2021, abu uku ta amince da su: rigakafi, ko gwaji, ko warkewa. Ashe akwai ƙofar halas, sai dai ba kowa aka gaya wa ba. Duk wanda ya sami kansa a halin da ka shiga, ya je wurin likitan da ya duba shi da sakamakon gwajin farko, ya kuma rubuta wa ofishin jakadanci, domin ƙasashe da yawa kan yi sassauci ga mai zuwa jinya ko jana'izar makusanci.

Takardar jabu kuwa, ban da kamu da ɗauri da soke biza, ka tuna wurin wa za ka kai ta. Mai sayenta bai san tabbas ko ya daina yaɗa cutar ba, ga shi gadon dattijo marar lafiya ya nufa. Batun ƙaddara kuma an riga mu amsa shi. Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, ya sami labarin annoba ta sauka can, ya yi shawara ya juya da jama'arsa. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za a yi? Ya ce, e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Sai Abdurrahman bin Auf ya zo da hadisin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa idan kun ji annoba a wata ƙasa kada ku shige ta, idan kuma ta auku kuna cikinta kada ku fita don gudunta.

Wani malamin makaranta kuma ya tambaya, shin rufe iyakoki yana aiki, ko dai siyasa ce?

Malam, wani lokacin yana aiki, wani lokacin zalunci ne, ba zan ɓoye maka ba. Yana aiki idan an yi shi da wuri, musamman a tsibiri, kamar yadda muka ji na Samowa. Amma ka dubi Nuwamban 2021. Masanan Afirka ta Kudu suka gano sabon nau'in korona, suka sanar da Hukumar Lafiya ta Duniya ranar 24 ga wata, aka sa masa suna Omicron ranar 26. Ladan gaskiyarsu shi ne ƙasashe suka yi ta rufe wa kudancin Afirka ƙofa. Daga baya aka gano nau'in a samfuran da aka ɗiba a Holan tun kafin sanarwar. Hukumar da kanta ta soki matakin, domin Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005 sun ce kada a takura zirga-zirga fiye da yadda kare lafiya yake buƙata. Abin da ke damuna shi ne, ƙasar da aka hukunta don ta faɗi gaskiya, gobe za ta yi tunani sau biyu kafin ta buɗe baki. Sai dai wannan muhawara ta gwamnatoci ce da 'yan jarida. Matafiyin da ke gaban teburin ma'aikaci a filin jirgi ba zai ci ta ba, gara ya cika sharaɗi ya wuce, ya kai kokensa inda za a saurare shi.

Ta ƙarshe gajeriya ce: tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage matakin gaggawa kan korona ranar 5 ga Mayun 2023, ana buƙatar katin rigakafin nan mai ruwan ɗorawa har yanzu?

Ana buƙata, domin babban aikinsa shaidar rigakafin zazzaɓin shawara ne, wato yellow fever, kuma ƙasashe da dama ba sa barin mutum ya shiga sai da shi. Yana fara aiki kwana 10 bayan allura, don haka kada a bari sai ana gobe tafiya. Tun daga Yulin 2016 kuma allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa, ba a sabunta shi bayan shekara 10 kamar da. A ajiye shi tare da fasfo.

Nan za mu dakata a wannan mako. Sauran wasiƙun suna nan a hannunmu, za mu taɓo su a shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.