Sharhi: Da Wane Harshe Yaro Yake Gane Karatu?

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa.

A watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi na Najeriya, Dakta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar cewa gwamnatin tarayya ta soke tsarin koyar da yara da harshen uwa, an koma Turanci tun daga ajin farko har jami'a. Tsarin da aka soke bai ko yi tsufa ba, don a ƙarshen 2022 aka amince da shi, zamanin Malam Adamu Adamu, kuma abin da ya tanada shi ne yaro ya yi shekara shida na firamare da harshen da ya tashi da shi. Hujjar da aka bayar ita ce, yankunan da suka rungumi harshen gida su ne 'ya'yansu ke ta faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB.

To, mu ɗan yi lissafi. Yaron da ya zauna WAEC a 2025 ya shiga aji ɗaya wajen 2013. Ranar da aka sa hannu a tsarin 2022 ya daɗe da barin firamare, yana sakandare. Ta ina tsarin ya taɓa shi har ya kayar da shi? Idan kuma tsohon tsarin 1977 ake nufi, wanda ya ce a yi shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen gari, duk wanda ya zauna a ajin makarantar gwamnati ya san a takarda ya tsaya. Abin da muka tarar a aji shi ne littafi da Turanci, malam ya karanta layi guda ya fassara da Hausa gwargwadon yadda ya fahimta, jarrabawa kuma ta zo da Turanci. Ni kaina ina tuna ajinmu na uku. Malam zai cika allo da rubutu, ya nuna da tsumagiya, mu bi shi da murya ɗaya kamar masu tilawa. Ya juyo ya ce, kun gane? Mu amsa, yes sa! Babu ko mutum biyar a cikinmu da suka san abin da muka faɗa. Ga monita a gefe da 'yar takarda yana rubuta sunayen masu yin banakula, wato waɗanda suka kuskura suka yi Hausa. Ka ga an hana yaro harshen da yake tunani da shi, ba a kuma ba shi wani a madadinsa ba.

Wannan tambaya ba yau aka fara yin ta ba, kuma a cikin ƙasar nan aka gwada ta. A 1970 Farfesa Aliyu Babatunde Fafunwa da abokan aikinsa na Jami'ar Ife suka ɗauki 'yan firamare suka raba su. Wasu aka koyar da su komai da Yarabanci shekara shida cur, lissafi da kimiyya da sauransu, Turanci kuma ya zama darasi mai zaman kansa a hannun malamin da ya ƙware. Wasu aka bar su kan yadda aka saba, shekara uku da Yarabanci sannan a juya zuwa Turanci. Da aka auna, 'yan Yarabanci ba su gaza a Turanci ba kamar yadda iyaye suka ji tsoro, a sauran darussa ma sun yi gaba. Fafunwa ya zo ya riƙe ma'aikatar ilimi ta tarayya daga 1990 zuwa 1992, amma aikinsa bai zama ruwan dare a makarantunmu ba.

Sai dai a nan ya kamata masu goyon bayan harshen uwa, har da ni, mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba. Mutanen Ife ba sanarwa kawai suka yi ba. Sun zauna sun rubuta littattafan lissafi da kimiyya da Yarabanci, sun ƙirƙiro kalmomin da babu su, sun horar da malamai, ga kuɗin Gidauniyar Ford a bayansu. Wato harshe da littafi da malami tare suka tafi. Tsarin 2022 kuwa, ranar da aka sanar da shi ma an faɗa cewa ba zai fara aiki sosai ba sai an tanadi kayan koyarwa da malamai. Shekara uku bayan haka aka binne shi. Yaya za a ce magani bai yi aiki ba alhali marar lafiya bai sha ba?

Makwabtanmu na Nijar sun fara nasu gwajin a Damagaram tun 1973, makarantar da yaro ke farawa da Hausa sannan Faransanci ya shigo a hankali. Su ma sun daɗe suna kiran irin waɗannan makarantu na gwaji, shekara da shekaru.

Wani binciken da nake so masu saurare su riƙe, a yammacin Kenya aka yi shi a shekarun 1990. Masana tattalin arziki, ciki har da Michael Kremer wanda ya samu lambar Nobel a 2019, suka raba littattafan karatu ga wasu makarantun ƙauye, wasu kuma aka jinkirta musu, don a ga bambanci. Kowa ya ɗauka maki zai tashi. Bai tashi ba, sai ga 'yan tsirarun da dama su ne zakarun aji. Da aka bi diddigi sai aka ga littattafan da Turanci suke, Turanci kuwa shi ne harshe na uku ga yawancin yaran, ba sa iya karanta su. A wannan yanki dai, da aka ba yara maganin tsutsar ciki, mai arha ƙwarai, fashin makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Mu kuwa da an ce gyaran ilimi, abin da ke zuwa mana a rai shi ne sabon gini da fenti da kwalayen littattafai a gaban kyamara, saboda su ne ake iya yanka wa kirtani a ɗauki hoto.

Kada a ce na ɗora komai a kan harshe. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa da tambayoyin 'yan aji huɗu, 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba. An yi ta ce-ce-ku-ce kan yadda aka shirya jarrabawar da yadda aka sallami mutane, wannan magana ce ta daban. Amma tambayar da ta bari tana nan: malamin da Turanci ke yi wa wuya, idan aka ce lallai da Turanci zai koyar da ɗan shekara shida, me ake tsammani zai fito? Ga aji mai yara ɗari a kan tabarma ko a ƙasa, ga yarinyar da ta zo ba ta karya ba, ga albashin da ba ya kai malam tsakiyar wata har sai ya haɗa da acaba ko noma. Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2022 cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kusan yara tara cikin goma masu shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimce shi. Da yawan waɗannan ƙasashe da Turanci ko Faransanci suke koyarwa.

Akwai kuma abin da mu Hausawa muke saurin mantawa. Ba kowane yaron Arewa ne Hausa ta zama harshen uwarsa ba. Ɗan Fulani a ruga, ɗan Barebari a ƙauyen Borno, ɗan Tangale ko Bajju, idan aka tilasta masa Hausa ba tare da la'akari ba, an yi masa abin da muke kuka an yi mana. Ajin birni mai harsuna bakwai ma matsala ce ta gaske, kuma masu son Turanci suna da gaskiya idan suka kawo ta. Haka uban da ya ce yana son ɗansa ya iya Turanci don ya ci JAMB ya samu aiki, ba jahilci ne ya sa shi faɗa ba. Abin da binciken Ife ya nuna masa shi ne, yaron da ya iya haɗa baƙi da wasali ya karanta da harshensa, ya fi saurin ɗaukar karatun wani harshe, domin karatu sau ɗaya ake koyonsa.

Kayan aikin ma ba daga sifiri za a fara ba. An rubuta littattafan Mu Karanta don 'yan aji ɗaya zuwa uku a Bauchi da Sakkwato, an yi shirin RANA na karatu da lissafi da Hausa a Katsina da Zamfara. Daga Indiya kuma ƙungiyar Pratham ta zo da dabarar da har ta iso Borno: a ajiye zancen aji nawa yaro yake, a gwada shi, ya san harafi, ko kalma, ko jimla, ko yana iya labari, sannan a haɗa shi da sa'o'insa a karatu a ɗora daga inda ya tsaya.

Wannan gwajin ba ya buƙatar izinin minista. Malam mai saurare, Hajiya mai saurare, yau da daddare bayan sallar isha'i ku kira ɗanku ko 'yarku da ke aji huɗu. Ku rubuta layi huɗu da Hausa a bayan takarda, labarin akuya da ta shiga gonar maƙwabci ma ya isa, ku ce ya karanta, sannan ku tambaye shi gonar wa akuyar ta shiga. Ku sake rubuta wasu layi huɗu da Turanci, ko ku sa yayansa ya rubuta, ku yi masa irin wannan tambaya. Abin da kuka ji, ku tafi da shi taron iyaye da malamai na gaba, ku karanta wa hedimasta.

A huta lafiya.