Lambar Layi: Rikicin Matuƙan US Airways da America West

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, malamai, ɗalibai, 'yan uwa maza da mata, barkanmu da yamma.

An ce in yi magana a kan abin da ke samun matuƙan jirgin sama idan kamfanoni biyu suka haɗe. Zan ɗauki misali guda daga Amurka in bi shi daki-daki, domin yana cikin waɗanda suka fi tsawo da ɗaci.

Mu fara da lambar layi. A manyan kamfanonin jiragen Amurka, ranar da aka ɗauki matuƙi aiki ake ba shi lamba, ya shiga bayan duk waɗanda suka riga shi. Lambar nan ce ke yanke masa komai: wane jirgi zai tuƙa, a wane gari zai zauna, yaushe zai bar kujerar dama ta mataimaki ya koma kujerar hagu ta kyaftin, ko zai yi hutun Kirsimeti a gida ko a otal. In aka zo rage ma'aikata, daga ƙasa ake farawa. Ƙwarewa ba ta tsallakar da kai ko mutum ɗaya. Sannan lambar ba ta bin mai ita: kyaftin mai shekara 20 in ya koma wani kamfani, daga ƙarshen layi zai fara. Duk wanda ya san tashar mota ya san wannan. A ce an rushe tasha biyu an mayar da su ɗaya, wa zai fara lodi? Direban da ya fi daɗewa a sana'a, ko wanda jiya shi ne na gaba a tasharsu?

To, a 2005 America West, kamfanin jihar Arizona da ya fara tashi a 1983, ya haɗe da US Airways. US Airways tsohon kamfani ne na gabashin ƙasar, amma a lokacin a durƙushe yake. Sau biyu yana neman kariyar kotu daga masu bin sa bashi, a 2002 da 2004. An zabtare albashin matuƙansa, an soke fanshonsu a 2003, kuma fiye da dubu daga cikinsu suna zaune a gida, an sallame su sai an nemo su. Ku tuna jirgin US Airways ɗin nan da aka saukar a kogin Hudson na birnin New York a watan Janairun 2009, kowa ya tsira. Kyaftin Sullenberger na wannan ɓangaren ne, kuma da ya je gaban majalisa ya shaida cewa an yanke masa kashi 40 cikin 100 na albashi. Mataimakinsa a ranar, Jeff Skiles, ya haura shekara 20 a kamfanin, ya ma taɓa zama kyaftin, rage ma'aikata ya maido shi kujerar dama. Irin mutanen da ake magana a kansu ke nan. Ana ce musu 'yan Gabas, su kuma na America West 'yan Yamma.

Duka ɓangarorin biyu 'yan ƙungiyar ƙwadago ɗaya ne, ALPA. Ƙa'idarta ita ce a zauna a sasanta, in ya gagara a kai wa mai shiga tsakani, hukuncinsa kuma shi ne ƙarshe. Kowa ya yarda da haka. Aka kai wa wani dattijo, George Nicolau.

'Yan Gabas suka ce a bi ranar ɗauka aiki kawai. Hujjarsu ba ta banza ba ce: mun fi daɗewa, mun sha wuya, mu muka zo da manyan jiragen da ke ƙetare teku zuwa Turai, kuma dattawanmu sun kusa ritaya, guraben da za su bari namu ne. 'Yan Yamma suka ce a'a. Kamfaninmu da ƙafafunsa yake tsaye, ba wanda ke zaune a gida, naku kuwa yana bakin kabari. In aka bi ranar ɗauka, mutumin da bai da aiki jiya zai hau kan kyaftin ɗinmu, kuma ranar da aka zo kora mu za a fara kora.

A watan Mayun 2007 Nicolau ya fitar da jerinsa. Ya ware wa 'yan Gabas gurabe kimanin 500 na can sama saboda manyan jiragen nan. Sauran masu aiki ya cuɗa su gwargwadon matsayin kowa a layinsa na da. Waɗanda ke zaune a gida lokacin haɗewar kuwa ya sa su a ƙasa, bayan ƙaramin matuƙin Yamma. Wato mutumin da aka ɗauka tun ƙarshen shekarun 1980 ya tsinci kansa a bayan wanda bai fi 'yan shekaru da shigowa ba. Ni kaina in na sa kaina a matsayinsa, na san ba zan yi barci ba a daren.

Ga inda nake so ku kasa kunne. Yarjejeniyar da aka yi tun farko ta ce ba za a yi aiki da sabon jerin ba sai an samu yarjejeniyar aiki guda ɗaya da ta haɗa kowa. 'Yan Gabas kuma sun fi yawa nesa ba kusa ba. Sai suka ga ƙofa. Suka kafa sabuwar ƙungiya, USAPA, suka rubuta bin ranar ɗauka aiki a kundinta, aka yi zaɓe a watan Afrilun 2008 suka kori ALPA. Lissafinsu shi ne, hukuncin ya ɗaure tsohuwar ƙungiya ce, bai ɗaure sabuwa ba.

'Yan Yamma suka garzaya kotun tarayya a Finiks, babban birnin Arizona, suna cewa ƙungiyar da doka ta ɗora wa wakilcin kowa ta zama ta ɓangare guda. A 2009 suka yi nasara. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta soke, ta ce an yi gaggawa, tunda ba a kai ga ƙulla yarjejeniyar da za ta cuce su ba tukuna. Aka koma gidan jiya.

Shekara da shekaru, jirage fenti ɗaya, kaki ɗaya, amma matuƙin Gabas ba ya zama kusa da na Yamma a gaban jirgi. Jeri biyu, yarjejeniya biyu. Kuma tunda ba sabuwar yarjejeniya, ba ƙarin albashi. 'Yan Gabas suka ci gaba da karɓar albashin zamanin durƙushewa, suna cikin na ƙasa-ƙasa a manyan kamfanonin ƙasar. Wa ya ci riba? Kamfani. Shugabansa Doug Parker bai buƙaci ya ɗaga murya ba, sai dai ya ce ku je ku daidaita kanku. A ganina nan ne 'yan Gabas suka yi kuskuren lissafi. Zafin hukuncin gaskiya ne, amma sun sa hannu za su karɓa tun kafin su san abin da zai fito, kuma kuɗin da suka bari a aljihun kamfani a waɗannan shekaru ba ya dawowa.

Wani zai ce, to ina gwamnati? Akwai dokar McCaskill da Bond ta ƙarshen 2007, sunan sanatocin jihar Misuri biyu. Ta samo asali ne daga sayen kamfanin jiragen sama na TWA da American Airlines ya yi a 2001, inda aka jibge ma'aikatan TWA da yawa a ƙasan layi, da harin 11 ga Satumba ya zo su aka fara kora. Dokar ta wajabta haɗa jeri bisa adalci, da zuwa gaban mai shiga tsakani in an kasa. Amma ta zo bayan wannan haɗewar, kuma ba ta faɗi mene ne adalcin ba.

Delta da Northwest, da suka haɗe a 2008, sun juya tsarin. Sai da aka fara ƙulla yarjejeniyar aiki guda, da ƙarin albashi da hannun jari ga matuƙa, sannan aka kai maganar jeri gaban masu shiga tsakani. Kafin shekarar ta ƙare jeri ya fito. An yi gunaguni, amma ba wanda ke riƙe da abin da zai yi garkuwa da shi.

Na US Airways kuwa, ba su suka warware shi ba. A watan Disamban 2013 kamfanin ya haɗe da American Airlines, albashi ya tashi a ƙarƙashin sabuwar yarjejeniya, ƙungiyar matuƙan American ta karɓi wakilci a 2014. A 2015 kotun ɗaukaka ƙarar nan dai ta yanke cewa USAPA ba ta yi wa 'yan Yamma adalcin wakilci ba. Aka sake zama gaban masu shiga tsakani, yanzu da ɓangarori uku, jeri guda ya fito a watan Satumban 2016, shekara 11 bayan haɗewar farko. Jerin Nicolau yadda ya rubuta shi, ba a taɓa raba aiki da shi ba ko na rana ɗaya.

Shugaban taro, nan zan dakata, mai tambaya ya ɗaga hannu.