Wa'adin Jerin Adireshi a Katangar Tsaro Bayan Sabunta Manhaja

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan uwa masu aikin haɗa intanet a nan Gombe, maganarmu ta yau a kan rautar MikroTik ce, wato na'urar rarraba intanet, ta kamfanin nan na birnin Riga a ƙasar Latbiya, da kuma kukan da nake yawan ji tun fitowar RouterOS 7, manhajar da ke tafiyar da rautar, a ƙarshen 2021, cewa an sabunta manhaja sai jerin adireshin da aka toshe ya ɓace.

Kwanakin baya wani ƙanena mai kula da intanet ɗin wani otal a Tudun Wada ya kira ni da sassafe, hankalinsa a tashe. Ya daɗe yana tara adireshin IP (lambar shaidar na'ura a intanet) na masu gwada kalmar sirri ta ƙofa (port) ta 8291, wadda Winbox, manhajar saita rautar, ke shiga da ita, da ta 22, sai ya wayi gari jerin wayam. Tambayar da na yi masa ɗaya ce: kafin sabuntawar, akwai harafin D a gefen adireshin? Ya ce akwai. To, a nan maganar take, domin duk adireshin da ke ɗauke da D na wucin gadi ne, a ƙwaƙwalwar aiki kawai yake zaune, ba a ajiye shi cikin saitin na'ura, kuma sabuntawa ba ta kammaluwa sai rauta ta mutu ta tashi. Ko wuta aka ɗauke batir ya kasa riƙewa, abin da zai faru ke nan, saboda haka manhajar ba ta da laifi.

Dokar katangar tsaro (firewall) da ke zuba adireshi cikin jeri tana da gurbin wa'adi. Idan kun rubuta lokaci, misali kwana 1, adireshin zai fita da kansa idan wa'adin ya cika, kuma iyakar abin da gurbin ke karɓa mako 35 ne da 'yan kwanaki. Zaɓin none-dynamic yana barinsa har na'ura ta sake tashi, none-static kuwa yana rubuta shi dindindin. Ina roƙon ku da ku yi hattara da wannan na ƙarshe, domin ƙaramar rauta irin hAP lite megabait 16 kacal gare ta na ajiya, kuma jerin da ke ƙaruwa dare da rana zai cinye wurin, ya gajiyar da ma'ajiyar.

Akwai kuma wanda zai ce wa'adi ya ƙi cika. Sau da yawa mai kutsen ne bai daina ƙwanƙwasawa ba, kuma duk lokacin da ya sake faɗawa cikin dokar, ƙidayar takan koma farko. Wani kuma zai ga adireshi a jeri amma yana wucewa, to ya dubi tsarin dokokinsa, domin daga sama ake bin su, kuma dokar da ke karɓar haɗin da ya riga ya kafu takan zo kafin dokar toshewa.

Kafin ku sabunta, ku fitar da saitinku a rubuce da umarnin export, ku sake fitarwa bayan an gama, ku jera su ku kwatanta gurbin wa'adin layi bayan layi. Idan za ku gyara doka daga nesa, ku kunna Safe Mode tukuna, domin in kun toshe kanku haɗin ya yanke, rautar za ta janye gyaran da kanta, ba sai kun hau mashin zuwa Pantami cikin dare ba.