Lugard Hall: Zauren da Arewa ta yi shawara a cikinsa

Jama'a, ku dubi ƙubbar ginin Lugard Hall da ke Kaduna da kyau. Duk mai bi ta shataletalen Lugard Hall ya san ta, amma ba kowa ya san irin abin da aka tattauna a ƙarƙashinta ba.

A 1917 Turawa suka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru suka kawo ta Kaduna. Da tsarin mulkin Gwamna Richards ya fara aiki a 1947, Arewa ta samu majalisu biyu, ta sarakuna da ta wakilai, wannan gini kuma shi ya zame musu mazauni. Ranar zama sai ka ga rawuna da alkyabbu daga Sakkwato, Borno, Kano har Ilorin, dogarai na jira a waje.

To amma fa ba kwalliya ce ta ba majalisar wakilan nan daraja ba. A 1950 wani malamin makaranta daga Bauchi, Abubakar Tafawa Balewa, ya miƙe a cikinta ya nemi a gyara mulkin En'e, a sa talaka cikin shawara. A zamanin da kotu da 'yan doka da gidan yari duk suna hannun sarki, faɗin haka a bainar jama'a sai mai ƙarfin zuciya. Shekara tara bayan nan, ranar 15 ga Maris 1959, Arewa ta karɓi mulkin kanta, Sardauna Ahmadu Bello yana Firimiya.

Juyin mulkin 1966 ya rufe majalisun, Gowon ya raba Arewa jihohi shida a 1967. Da farar hula suka dawo, zauren ya koma hannun Majalisar Dokokin Jihar Kaduna. Nan aka tsige Balarabe Musa a watan Yunin 1981, gwamna na farko da aka yi wa haka a Najeriya. Shi ɗan jam'iyyar PRP ne, rinjaye a majalisa kuwa na jam'iyyar NPN, har ya sauka ba su amince masa da kwamishinoni ba.

Yau 'yan majalisa 34 ke zama a ciki. Abin da ke ci mini rai shi ne yaranmu suna wuce ƙofar nan kullum, ba wanda ya taɓa ba su labarin Balewa a wurin. Malamai, don Allah ku nemi izini ku kai ɗalibai ziyara, daga nan ku zarce da su Arewa House, tsohon gidan Sardauna da ke titin Rabah, su ga takardun zamanin da idonsu.