Kumburin da Ke Jinkirin Fitowa: Yadda Ake Auna Shi Bayan Rigakafin Birus

Assalamu alaikum. Malamaina da ke zaune a sahun gaba, 'yan'uwa ma'aikatan lafiyar dabbobi, da ku ɗalibai da kuka taso tun daga Ngaundere da Marwa, barkanku da zuwa Garwa.

Duk wanda ya taɓa bin masu gwajin tarin fuka zuwa ruga ya riga ya ga abin da zan yi bayani a kansa. Ana aske gashi a wuyan saniya, a kama fatar a auna kaurinta, a tsira mata ɗigon tubakulin, wato sinadarin da ake cirowa daga ƙwayar cutar tarin fuka, a cikin fatar, sannan a tattara kaya. Mai shanu yakan tambaya, "Likita, me ka gani?" Sai a ce masa ba a ga komai ba tukuna, ya saurari dawowarmu bayan kwana uku. Wannan jira na awa 72 ba kasalar ma'aikata ba ce, jikin dabbar ne yake bukatarsa.

Dalilin shi ne martanin jiki iri-iri ne. Wanda zuma ta harba ya kumbura nan take, sinadaran kariya da ke yawo a ruwan jininsa ne suka yi aiki cikin mintoci. Namu kuwa aikin fararen ƙwayoyin jini ne da ake kira ƙwayoyin T. Sai kaɗan daga cikinsu da suka taɓa haɗuwa da baƙon sun biyo ta wurin da aka yi allurar, sun gane shi, sun saki sinadaran kira irin su intaferon gama, sannan manyan ƙwayoyi masu haɗiye baƙo su taru har wurin ya yi tauri, kuma wannan taro yana cin awa 24 zuwa 72. Edward Jenner ya lura da irinsa tun 1798, lokacin da ya ga waɗanda suka taɓa kamuwa da aganar shanu fatarsu tana yin ja da wuri idan aka sa musu ƙwayar agana, sannan abin ya lafa. Robert Koch ya fito da tubakulin a 1890. Amma hujjar da ta yanke magana ta zo ne a 1942, sa'ad da masana biyu, Landsteiner da Chase, suka nuna cewa ana iya ɗaukar wannan martani daga ɓeran Masar zuwa wani ta hanyar ƙwayoyin jini, ruwan jini kuwa ba ya ɗaukarsa.

Me ya haɗa wannan da rigakafin birus? Birus ƙwayar cuta ce da ba ta hayayyafa sai a cikin ƙwayar jikin mai rai, kuma da zarar ya shige ciki, sinadaran da ke ruwan jini ba sa isa gare shi, sai ƙwayoyin T. Mu kuwa a fagen aiki mun saba da ɗebo jini, a auna sinadaran kariya, a ce rigakafi ya kama ko bai kama ba. Wannan awo yana da amfani, amma rabin labari yake bayarwa. A gari irin namu, inda LANAVET, cibiyar gwaje-gwajen lafiyar dabbobi ta ƙasar Kamaru da ke Bokle, take haɗa rigakafin annobar awaki da tumaki da ta kaji, ina ganin wajibi ne ɗalibi ya san yadda ake tambayar ɗaya rabin.

A ɗakin gwaji ana raba ɓeraye gida biyu, a yi wa kashi ɗaya rigakafin, a bar ɗayan. Bayan mako ɗaya ko biyu sai a auna kaurin tafin ƙafar baya na kowane ɓera da ma'auni mai baki biyu, a rubuta. Daga nan a sa mikrolita 20 zuwa 50 na birus ɗin da aka kashe a tafi ɗaya, a ɗayan kuma a sa ruwan da aka reni birus ɗin a ciki, amma babu birus. A sake aunawa bayan awa 24, da 48, da 72. Abin da ake nema shi ne bambancin da ke tsakanin ƙafafun biyu, wanda sau da yawa bai kai milimita ɗaya ba. A ɓeran Masar kuwa gefen jiki ake askewa, a sa mililita 0.1 a cikin fata har ta taso kamar ƙwayar wake, daga baya a auna faɗin wurin da ya taurara. Taurin ake aunawa, ba jan ba, kuma ɗan yatsa ya fi ido gane iyakarsa. Kumburin da ya fito cikin awa huɗu zuwa takwas ya sauka, wani abu ne daban, kada ku lissafa shi.

Ina so in daɗe a kan ƙafa ta biyun nan, domin a kanta na taɓa yin kuskure. Ina ƙaramin ma'aikaci a wani ɗakin gwaji, na yi aiki da rigakafin da aka rena a cikin ƙwan kaji, sai na sa ruwan gishiri zalla a ƙafa ta biyu saboda shi ne a kusa. Ƙafafun da aka sa wa birus suka kumbura sosai, na kai sakamakon ga shugabana ina murna. Ya duba, ya ce, "Ɗana, ta yaya ka san birus ɗin suka tuna, ba ƙwan ba?" Da muka maimaita da ruwan ƙwai marar birus, ƙafafun biyu suka kumbura kusan daidai. Aikin wata biyu ya tashi a banza, kuma abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ɓerayen da suka sha wahala ba tare da an ƙaru da komai ba.

Hannun mai awo ma yana iya yin ƙarya ba da niyya ba. Tafin ɓera taushi gare shi, idan ka matsa ma'aunin kaɗan sai kumburin ya ɓace, idan ka sassauta sai ya ƙaru. Saboda haka mutum ɗaya ya kamata ya yi awon daga farko har ƙarshe, a wuri ɗaya na tafin, kuma kada ya san wane keji ne aka yi wa rigakafi, domin zuciya tana karkata ga abin da take fata.

Sai fassarar sakamako, kuma a nan ake bukatar taka-tsantsan ta fuska biyu. Rashin kumburi ba koyaushe yake nufin rashin kariya ba. Tun 1908 Clemens von Pirquet ya lura cewa yaran da ƙyanda ta kama martaninsu ga tubakulin yana ɓacewa na ɗan lokaci, shi ya sa har yau ake yin gwajin fata rana ɗaya da allurar ƙyanda, ko kuma a jira mako huɗu zuwa shida. Birus ɗin ƙyanda dangi ɗaya ne da na bushiyar shanu, wadda aka sanar da kawar da ita daga duniya a 2011, da na annobar awaki da tumaki da ake son gamawa da ita nan da 2030, kuma dukkansu suna danne garkuwar jiki. Haka nan babban kumburi ba shaidar kariya ba ne. Rigakafin ƙyanda na mataccen birus da aka yi amfani da shi a Amurka daga 1963 zuwa 1967 ya sa jikin yara ya gane birus ɗin, amma da wasunsu suka haɗu da cutar daga baya, sai ta zo musu da wata siga mai tsanani har da ciwon huhu. Kumburi yana cewa jiki ya tuna, bai ce zai iya karewa ba.

Allura a tafin ƙafa tana da zafi, kuma waɗannan halittu amana ne a hannunmu. Tun 1959 Russell da Burch suka shimfiɗa ƙa'idar a nemi madadin dabba, a rage yawanta, a sauƙaƙa mata wahala. Madadin yana nan, wato auna intaferon gama a cikin kwalba, sai dai yana bukatar jinin ya isa ɗakin gwaji ƙwayoyinsa suna da rai, abin da ke da wuya a zafin watan Afrilu idan rugar tana da nisa da kwalta.

Gobe bayan sallar asuba za mu fita wurin shanu, kowa ya riƙe ma'auninsa da littafinsa. Ku tambayi mai garke ko an yi musu gwajin fata a cikin kwana 42 da suka wuce, domin idan an yi, martanin yana raguwa, kuma sai mu nemi wani garken. Wassalamu alaikum.