Mai jifa ce ke cin kofi: lacca kan gasar kurket ta mata

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa kan gasar kurket ta mata tsakanin ƙasashe. Kurket wasa ne da wata ke jefo ƙwallo don ta kayar da turke, wata kuma ta tare turken, ta buge ƙwallon da sanda don ta ci maki.

Na farko tarihi, a gurguje. Kofin duniya na mata an fara shi a Ingila a 1973, shekara biyu kafin na maza. Gajeren salon da ake kira T20 kuwa, kofinsa ya fara a 2009, zuwa 2024 Ostireliya ta ɗauke shi sau shida. Shi ke nan tarihi.

Na biyu, nan nake so ku tsaya da ni. Kowa idonsa na kan mai bugu, amma wallahi mai jifa ce ke cin kofi. Kowace ƙasa 'yan wasa 11. Tsirin da ake jifa a kai mita 20 ne da ɗan kai, a kowane ƙarshe turaku uku. Jifa shida zango ɗaya ne, a T20 zango 20 ga kowane ɓangare, jifa 120 ke nan. Kuma ba a yarda mace ɗaya ta yi jifa fiye da zango huɗu ba. Kun ga dole a samu masu jifa biyar aƙalla. Biyar fa! Gwana ɗaya ba ta riƙe ƙasa, ba kokawa ba ce da ƙato ɗaya zai ɗauko mana takobi.

Ƙwallon mata ba ta wuce giram 151, kuma ƙasa take dira kafin ta isa wurin mai bugu. To nan sirrin yake. In tsirin ya bushe ya tsage, irin fako a watan bazara, mai murza ƙwallo da yatsu za ta sa ta dira nan ta karkace can. Mai bugu ta kai sanda, iska ta doka, turke ya faɗi, ta fita. A zango shida na farko masu tare ƙwallo biyu kaɗai aka yarda su tsaya wajen da'irar da aka zana kewaye da tsirin, saboda haka jifa ɗaya maras saiti sai a buga ta har iyakar fili, maki huɗu ne a banza. In ƙwallo ta kauce da nisa, an ba abokan hamayya maki ɗaya, kuma sai an sake jifar. Da irin wannan ɓarnar ake rasa wasa. Ina sake faɗa, mai jifa. 'Yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun doke New Zealand a Maleshiya a 2025 da maki biyu rak. Biyu! Jifa biyu masu kaucewa da nisa da sun share wannan ratar.

Na huɗu... na uku ne? To, na uku, ruwan sama... Na'am, Hajiya?

Hajiya na tambaya kan sutura, ko 'yarta za ta iya. Ranki ya daɗe, dogon wando ake sawa, ana iya sa riga mai dogon hannu, ga hular kwano da matashin ƙwauri ga mai bugu. Pakistan da Bangaladash suna da ƙungiyoyin mata, kuma Abtaha Maqsood ta Sikotland da hijabinta take jifa. A nan Maradi a fara da ƙwallon tanis, don ta ainihi tauri gare ta, tana fasa yatsa. A auna mita 20 a filin lakwal, a kafa sanda uku, a ajiye faifai a inda ake so ƙwallo ta dira, yarinya ta yi ta auna shi ba tare da ta lanƙwasa gwiwar hannu ba. An kira la'asar, maganar ruwan sai mun dawo.