Wa ke ɗaukar jarkar? Lacca kan mata, ruwa da bandaki a Bauchi

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Abu uku zan taɓo in lasifikar nan ta bar mu.

Na farko, wa ke ɗebo ruwa? Nan cikin garin Bauchi, unguwar da ruwan dam ɗin Gubi bai kai ba, waye ke tura kura? Ɗan garuwa, namiji, don akwai kuɗi a ciki. Amma ku fita ƙauye inda ba a biyan ko sisi, wa za ku tarar a bakin tuƙa-tuƙa tun asuba? Yara mata. Jarka mai lita 20 kilo 20 ce fa jama'a, a kan yarinya ƙarama, ta dire ta koma, ta dire ta koma, ta isa makaranta an riga an shiga aji malam kuma ya zane ta. Alhaji na ga kana dariya, kai dai buta kake tararwa a cike, ba ka taɓa tambayar daga ina ba. (Dariya.) UNICEF ta ce mata da 'yan mata na kashe awa miliyan 200 kullum a duniya wajen ɗiban ruwa. Kullum fa! Amma a zo kafa kwamitin bohol sai ka ga maza zalla, shugaba namiji, ma'aji namiji, alhali ranar da famfon ya fara ba da jan ruwa matan ne suka fara sani. Ku ba su ajiyar kuɗin gyara mana, mutanen da ke riƙe adashe shekara da shekaru ba a ji kansu ba.

Na uku... au, na biyu ko? Bandaki. A 2018 gwamnatin tarayya ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa da tsafta, ƙananan hukumomin Dass da Warji a nan jihar Bauchi sun samu shaidar daina bahaya a fili, Jigawa ma duk jihar ta samu a 2022. Inda babu bandaki kuwa, mace sai ta matse har duhu ya yi.

Na'am Hajiya?

"Malam, makarantar unguwarmu ba bandakin mata, in yaran suna al'ada zama suke a gida."

Yauwa, Allah Ya saka. Kwanaki ke nan duk wata, ku lissafa na zango guda. Kuma rami kawai bai isa ba Hajiya, sai an ware na mata daban, ƙofa mai sakata daga ciki, ruwa da sabulu, da wurin jefa audugar mata. Ku kai wa kwamitin makaranta a rubuce, ku tafi ku da yawa, kar ku aika mutum ɗaya. An kira sallah ko? To na ukun sai bayan la'asar.